A Bi Hanyar Mai Kafin A Kwance Kafiretar Tsohuwar A-kori-kura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana makanikai, da direbobin tsofaffin motocin ɗaukar kaya masu kafireta (na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji), kan wata matsala da take cin kuɗin talaka ba gaira ba dalili, wani lokaci ma take jefa rayuka cikin haɗari. Motocin da nake nufi su ne irin Peugeot 404 da 504 a-kori-kura, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, da kuma tsofaffin Toyota Hilux masu shan fetur, waɗanda har yau suke ɗauko hatsi da dabbobi daga kasuwannin ƙauye.

Yadda matsalar take shi ne, mota za ta tashi lafiya, ta yi yawo cikin gari ba tare da wata alama ba, amma da zarar ta hau babban titi kamar na Kano zuwa Zariya da lodi a bayanta, direba ya ɗan jima yana take da totur, sai ta fara fizga, ƙarfinta ya riƙa raguwa, har ta mutu ko ta kusa. Idan ya ɗaga ƙafa ko ya tsaya na 'yan mintoci, sai ta dawo kamar babu abin da ya faru. A gareji kuwa ba ta nuna komai, shi ya sa ake canza fulogi da kwayil, a kwance kafireta a wanke, mai mota ya biya, washegari ta sake tsayawa a hanya.

Dalilin da ya sa take ɓoye cutarta a gareji ba mai wuyar fahimta ba ne. A jikin kafireta akwai ɗan ƙoƙon da fetur yake taruwa, daga nan injin yake sha, famfon mai kuma yana cike gurbin abin da aka sha. Idan mota tana tsaye ko tana tafiya a hankali, ɗan abin da yake zuwa ya wadatar ko da hanyar man ta kusa toshewa. A kan gudu mai ɗorewa kuwa injin yana shan ninkin wannan sau da yawa, sai lamarin ya zama kamar randar da ake ɗiba da ƙwarya ana zuba mata da ludayi. Saboda haka laifin yawanci yana tsakanin tanki da bakin kafireta, kuma abin da ya kamata a auna shi ne yawan man da yake isowa, domin ganin fetur yana ɗiga daga tiyo bai isa shaida ba.

Direba da kansa zai iya taimaka wa makanike ƙwarai. Lokacin da motar ta fara shaƙewa, ya gangara gefen titi, ya kashe injin nan take ba tare da ya murɗa makulli har sitiyari ya kulle ba, sannan ya cire murfin matatar iska, ya leƙa maƙogwaron kafireta yayin da yaron mota yake taka totur. Idan bai ga fetur ya yi tsartuwa ba, ƙoƙon ya bushe ke nan, kuma maganar laifin wutar fulogi da kwayil ta kau. Daga nan ya buɗe murfin tanki yana saurare, domin idan ya ji iska ta shiga da ƙarfi, to ƙofar da tankin yake numfashi ta toshe, famfo yana ja, iska ba ta maye gurbin man da ya fita, har ya kai ga famfon ya gaza. Wannan yakan faru ne idan ainihin murfin ya ɓata aka maye shi da wanda ba nasa ba, ko aka ɗaure bakin da leda, kuma gyaransa bai kai kuɗin fulogi guda ba.

Idan ba nan ba ne, sai a bi hanyar man daki-daki. A canza filta, kada a tsaya ga hura ta da baki, a kuma tuna cewa kafiretoci da yawa suna da wata 'yar raga a mashigar mai wadda ake mantawa da ita. A duba kowane tiyon roba da ke tsakanin tanki da famfo, saboda tsohon tiyo yakan yi laushi ya manne daga ciki idan famfo ya ja da ƙarfi, wanda ya tsage kuma yakan zuƙi iska ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba. Wurin da na fi so a dage a kai shi ne cikin tankin kansa. Tankin da ya shekara talatin ko arba'in yana tara tsatsa da laka, musamman ga motar da take shan man 'yan bumburutu daga jarka, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 direbobi da yawa ba sa iya cika tanki, wanda hakan yake barin cikinsa ga iska da raɓa, tsatsa ta ƙaru. A kan gudu dattin yakan taru ya rufe bakin bututun da ke zuƙar mai, idan injin ya mutu kuma ya saki ya koma ƙasa, shi ya sa motar take warkewa da kanta. Sauke tanki a wanke aiki ne mai wahala da ƙazanta, na kuma san shi ya sa ake gudunsa, amma babu wankin kafiretar da zai maye gurbinsa.

Shi famfon, a gwada shi da kwalba. A zare tiyon da ke shiga kafireta a sa shi cikin kwalba nesa da wuta da salansa, a tayar da injin da man da ya rage a ƙoƙo. Famfo mai lafiya yakan ba da kusan rabin lita cikin ƙasa da minti guda. A kuma shinshina baƙin mai, domin idan yana warin fetur, robar cikin famfon ta huje. Lokacin bazara, da zafi yake haura digiri 40, fetur yakan tafasa a cikin bututun da ya kusanci salansa, tururi ya tare hanya. Jiƙaƙƙen tsumman da direbobi suke ɗorawa a kan famfo yana aiki, sai dai maganin dindindin shi ne a nisanta bututun daga zafi. Sai an gama duk wannan ne za a buɗe kafireta a duba ko allurar da ke buɗe wa mai hanya tana maƙalewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, Malam Edita, shi ne dabarar ɗora galan ɗin fetur a kan rufin mota ko a gaba kusa da fasinja, a ja tiyo kai tsaye zuwa kafireta. A matsayin gwaji na ɗan lokaci a fili, babu fasinja, tana nuna cewa laifin yana tanki ko famfo, amma wasu sun mayar da ita hanyar tafiya ta yau da kullum, alhali tartsatsi guda ko birki mai ƙarfi ya isa ya ƙone mota da mutanen cikinta. Haka nan masu sa famfon lantarki su zaɓi mai ƙaramin ƙarfi wanda aka yi domin kafireta, su kafa shi kusa da tanki, su kuma haɗa shi yadda zai tsaya idan injin ya mutu. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin makanikai da na tashoshin mota su hana duk motar da ke ɗauke da irin wannan galan yin lodi, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma su riƙa duba shi a kan hanya kamar yadda suke duba taya da birki.

Naka mai karatu,
Wani makanike daga Zariya, Jihar Kaduna.