Zuwa ga ɗan'uwan da ya tambayi wane Blade Runner zai fara kalla

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Mun ga tambayar da ka yi mana a bainar jama'a, mu masu bibiyar tsofaffin finafinan ƙagen kimiyya. Ka ce ka daɗe kana jin ana yabon Blade Runner na 1982, da ka je nema sai ka tarar da siga fiye da ɗaya, ka kunna wadda ta fara zuwa hannunka, barci ya kwashe ka kafin rabin sa'a. Kana so ka san wacce ce ta kirki, me ya sa fim ɗin ya yi maka nauyi, kuma shin gaskiya ne jarumin, Deckard, shi ma ba ɗan Adam ba ne. Wasiƙar nan kashi biyu ce. Ka karanta na farko yanzu, na biyun ka bari sai ka gama kallo, za mu faɗa maka inda za ka tsaya.

Ka nemi wadda ake kira The Final Cut, ta shekarar 2007, mai tsawon minti 117. Ita kaɗai ce darakta Ridley Scott ya tace da cikakken iko, ba tare da masu kuɗin fim ɗin sun sa masa hannu ba. Masu ƙidaya suna lissafa siga bakwai, amma guda uku ne za ka yi ta cin karo da su: wadda aka saki a silima a Amurka ranar 25 ga Yunin 1982, da Director's Cut ta 1992, da wannan ta 2007. Sunan ta 1992 yana yaudarar mutane, suna zaton ita ce ta darakta tsantsa. An haɗa ta ne cikin gaggawa bisa bayanan da Scott ya bayar, shi kansa bai gamsu da ita ba.

Dalilin yawan sigogin ya samo asali ne tun kafin a saki fim ɗin. A farkon 1982 an gwada nuna shi ga 'yan kallo a biranen Denver da Dallas, mutane suka fito suna cewa ba su gane ba. Sai masu kuɗi suka sa aka ɗora muryar Harrison Ford, wanda ya fito a matsayin Deckard, tana bayani a kan hotuna, aka kuma liƙa wani ƙarshe mai daɗi, inda mota ke ratsa duwatsu da koren daji cikin hasken rana. Hotunan saman nan ma ragowar abin da Stanley Kubrick ya ɗauka ne don fim ɗinsa The Shining. Muryar tana faɗa maka abin da idonka ya riga ya gani, ƙarshen kuwa yana ƙaryata duk duhun da aka shafe kusan awa biyu ana ginawa.

Tunda kwafin da ke yawo ba kullum ne sunan da ke jikinsa yake gaskiya ba, ga yadda za ka gane abin da ke hannunka. Ka jira fitowar Deckard ta farko, inda yake karanta jarida a gefen titi yana jiran wuri a rumfar mai taliya. Idan ka ji muryarsa tana ba da labari alhali bakinsa a rufe, ta 1982 ce, ka kashe. Idan babu murya, ka saurari shugaban 'yan sanda Bryant lokacin da yake bayanin waɗanda suka tsere. Idan ya ce ɗaya daga cikinsu lantarki ya kashe shi a ƙofar kamfanin Tyrell, ta 1992 ce. Idan ya ce biyu, ka samu abin da kake nema.

Batun barci kuwa, yawanci laifin yadda aka kalla ne. Jordan Cronenweth, mai ɗaukar hoton, ya gina fim ɗin a kan duhu da hayaƙi da ruwan sama da haske mai ratsowa ta taga. Waɗannan su ne abubuwan da matsattsen fayil ya fi lalatawa. Idan kwafinka ƙarami ne da aka matse don ya yi saurin saukowa, baƙin zai farfashe ya zama murabba'ai, hayaƙin ya zama tabo, fuskoki su nutse. Ka nemi kwafi mai ingancin hoto aƙalla 1080p daga halastacciyar hanya. Ka kashe fitilar ɗaki, domin hasken da ke faɗowa kan allo yana cinye abin da ke cikin inuwa, kuma rabin fim ɗin a inuwa yake. Kada ka ƙure hasken talabijin don maganin duhun, baƙin ne zai koma toka-toka. Idan akwai tsarin da aka ware don kallon fim a saitin talabijin ɗinka, ka zaɓe shi, ka kuma kashe abin da ke sulɓe motsi, wanda ke ƙirƙiro hotuna a tsakanin 24 ɗin da fim ke da su a kowace daƙiƙa. Shi ne ke sa birnin ya koma kamar kwali da fenti.

Za ka ga baƙin layi a sama da ƙasan allo. Haka aka ɗauke shi, faɗinsa ya ninka tsayinsa kusan sau 2.4. Idan ka zuƙo hoton don ya cika allon, ka yanke kusan rubu'in faɗinsa ke nan, kuma Scott yana yawan ajiye abu mai muhimmanci a gefe. Sauti ma haka. Kiɗan Vangelis da ƙarar ruwa da tallan da ke tashi daga jirgin da ke shawagi a saman birni ba sa fitowa a ƙaramar lasifikar waya. In babu manyan lasifiku, abin sawa a kunne mai kyau ya wadatar. Ka kunna rubutun ƙasa, domin wasu suna magana ƙasa-ƙasa. Idan ɗan sanda Gaff ya yi magana ba ka gane ba, ba kunnenka ba ne: wani gaurayen harshe ne da ɗan wasan, Edward James Olmos, ya harhaɗa daga harsuna da dama, ciki har da na Hangari da Jamusanci da Japananci.

Sai kuma abin da ka shiga da shi a rai. Wanda ya zo neman harbe-harbe da tsere zai gaji, domin tsarin fim ɗin na tsofaffin finafinan jami'in bincike ne, ana tafiya a hankali daga hoto zuwa ɓawon maciji zuwa mai sayar da shi. Ka karanta rubutun da ke hawa a farko da natsuwa, a nan aka ba ka duk abin da kake buƙata. Kamfanin Tyrell yana ƙera mutane, fim ɗin yana kiransu replicant, mu za mu ce ƙirarru. Ba na ƙarfe ba ne, nama ne da jini. Ana bautar da su a wasu duniyoyi, an haramta musu taka wannan duniyar tamu, kuma wanda ya dawo 'yan sanda na musamman suna kashe shi su ce sun yi masa ritaya. Samfurin Nexus 6 shekara huɗu kacal aka ɗibar masa. Labarin yana faruwa a Los Angeles cikin Nuwamban 2019. A kallon farko ka sa ido kan abu uku: idanu, hotunan da mutane ke ajiyewa, da 'yan siffofin da Gaff ke ƙerawa da hannu yana bari a wuri. Ka kuma sani fim ɗin ba na yara ba ne, akwai kisa mai muni da wata fitowa mai tsiraici.

Nan za ka tsaya idan ba ka kalla ba. Gani ya kori ji.

To, game da Deckard. Masu cewa ƙirarre ne hujjarsu mafi ƙarfi ita ce dokin nan mai ƙaho ɗaya. Deckard yana zaune gaban fiyano ya ga dokin a ransa yana gudu cikin daji, bai faɗa wa kowa ba. A ƙarshe ya tsinci irin dokin, an naɗe shi da takardar azurfa, a ƙofar gidansa, aikin Gaff. Ta yaya Gaff ya san abin da ke cikin kansa? Fim ɗin ya riga ya nuna maka hanyar: Deckard da kansa ya karanta wa Rachael, ƙirarriyar da ke zaton ita mutum ce, sirrin yarintarta, har da labarin gizo-gizon da 'ya'yanta suka cinye ta, don ya tabbatar mata tunanin ba nata ba ne, na 'yar ɗan'uwan Tyrell ne aka dasa mata. Suna ƙarawa da tarin tsofaffin hotunan da ke kan fiyanonsa, da jan ƙyallin da ya ɗan bayyana a idonsa lokacin da yake tsaye a bayan Rachael, da tambayar da ta yi masa ko shi ya taɓa zama gaban na'urar gwajin Voight-Kampff mai gano ƙirarru, tambayar da bai amsa ba. Scott ya fito fili a shekarar 2000 ya ce ƙirarre ne.

Ɗaya ɓangaren ma ba su rasa abin faɗa ba. Mafarkin dokin babu shi a sigar 1982, a 1992 ya fara fitowa, don haka ga wanda ya kalli ta farko, dokin takarda yana nufin kawai Gaff ya zo ya tarar da Rachael ya ƙyale ta. A littafin Philip K. Dick na 1968 da aka ɗauko labarin, Deckard mutum ne. Dick ya rasu a watan Maris na 1982, bai ga fitowar fim ɗin ba. Harrison Ford ya shafe shekaru yana jayayya da Scott a kan haka. Kuma duk ƙirarren da Deckard ya haɗu da shi sai da ya lakaɗa masa duka: Zhora ta kusa shaƙe shi, Leon ya kusa kashe shi sai Rachael ta harbe shi, Pris ta yi wasa da shi, Roy Batty ya karya masa yatsu biyu.

Akwai hujja ɗaya da muke roƙonka kada ka ɗauka, ko da ka ji ana maimaita ta. A tsofaffin sigogi Bryant ya ce shida suka tsere, ɗaya ya mutu, amma huɗu ake farauta. Mutane suka ce na biyar ɗin Deckard ne. Gaskiyar magana, akwai wata ƙirarriya mai suna Mary a rubutun labarin, aka cire ta saboda ƙarancin kuɗi, aka bar maganar Bryant yadda take. Shi ya sa aka gyara ta zuwa biyu a 2007.

Namu ra'ayin shi ne, a Final Cut alamun sun karkata ga cewa ƙirarre ne, wannan ba abin musu ba ne. Amma muna ganin fim ɗin ya fi nauyi idan ka bar ƙofar a buɗe, kuma muna baƙin cikin yadda wannan gardama ta cinye duk wata hira a kansa. Ka duba abin da Deckard ya aikata da hannunsa. Mutum biyu ya kashe, dukansu mata, ɗaya ta baya ya harbe ta tana gudu tana fasa gilasan shaguna. Fitowar da ya tare wa Rachael ƙofa ya tura ta jikin taga yana sa mata kalmomi a baki, kiɗan soyayya ke tashi a kai, amma abin da ido ke gani tilastawa ce, kuma daidai ne a faɗi haka. Sannan ka duba Roy. Ya kashe Tyrell da Sebastian, ba mu wanke shi ba. Amma shi ne ya durƙusa kan gawar Pris yana baƙin ciki, shi ne ya soka ƙusa a tafin hannunsa don ya hana jikinsa mutuwa na 'yan mintuna, kuma shi ne ya cafko hannun mai farautarsa lokacin da ya suɓuce daga saman bene. Gwajin Voight-Kampff tausayi yake aunawa, da tambaya ashirin zuwa talatin, don a raba mutum da ƙirarre. A kan rufin nan wanda aka ce ba shi da tausayi shi ya nuna shi. Idan dukansu biyu ƙirarru ne, ɗan'uwa ne ya ceci ɗan'uwansa. Idan Deckard mutum ne, bawa ne ya yafe wa mai kashe bayi, kuma wannan ya fi tsaya wa mai kallo a rai. Jawabin Roy na ƙarshe, Rutger Hauer, wanda ya fito a matsayin Roy, shi ne ya rage tsawonsa, ya kuma ƙara maganar hawaye cikin ruwan sama da kansa.

Idan za ka shiga hira da sauran masoya fim ɗin, ka fara da faɗin sigar da ka kalla. Yawancin musun da ba ya ƙarewa tsakanin wanda ya ga mafarkin dokin ne da wanda bai taɓa ganinsa ba, kowa yana zaton fim ɗaya suke magana a kai. Ka raba abin da aka nuna a allo da abin da darakta ya faɗa daga baya a hira da 'yan jarida, domin ba matsayinsu ɗaya ba. Kuma ka yi wa sabon mai kallo adalcin da ba a yi maka ba: kada ka ambata masa batun Deckard kafin ya kalla, in ba haka ba zai ƙare awa biyu yana leƙen idon Harrison Ford, Roy ya wuce shi.

Bayan Final Cut, ka bar 'yan kwanaki, sannan ka kalli ta 1982 don ka ji da kunnenka abin da muryar ta yi wa fitowar rufin. Ta 1992 ba sai ka neme ta ba, abin da ke cikinta yana cikin ta 2007 a gyare, har da fuskar Joanna Cassidy, wadda ta fito a matsayin Zhora, da aka sake ɗauka aka ɗora a fitowar mutuwar Zhora, inda a da ake ganin wadda ta maye gurbinta a fitowar sanye da gashin aro. Blade Runner 2049 na Denis Villeneuve, wanda ya fito a 2017, shi ne za ka kalla a ƙarshe. Ya ɗora a kan ƙarshen Final Cut, ya haura awa biyu da rabi, kuma da gangan bai yanke hukunci kan ko wane ne Deckard ba, don haka kada ka je can neman amsar.

Idan ka gama, ka rubuto mana yadda ka fahimci maganar da Gaff ya jefa wa Deckard a kan rufin game da Rachael, muna son jin ta bakinka.

Wassalam,
'Yan'uwanka masu bibiyar finafinan ƙagen kimiyya