A zauna da iyali kafin a sallami yaro daga sashen yara

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in yi magana a kan ƴaƴanmu masu lalurar da likitoci ke kira tirizomi 21, waɗanda ake haifa da kuromozom 47 a ƙwayoyin jikinsu maimakon 46 (kuromozom su ne 'yan zaren da ke ɗauke da abubuwan da ɗa ke gada daga iyayensa). Muddin yaro yana ƙarami, likitan yara ya san shi, ya san uwarsa, amma da zarar ya tasa sai a miƙa wa iyaye takardunsa a ce su nufi sashen manya, alhali a daidai lokacin ne manyan tambayoyi suke tasowa a gida.

Babbar tambayar ita ce ta aure, kuma ba auren mai lalurar kaɗai ba. A nan Damagaram akan fasa neman yarinya lafiyayya don kawai an ga ƙanenta mai lalurar, a ce abin a jininsu yake kamar ciwon emasi (amosanin jini), kuma wannan yana ƙona mini rai domin ba haka ba ne. Kusan kashi 95 cikin 100 na masu tirizomi 21 ba gadonta suka yi ba. Tangarɗa ce da ke aukuwa wajen samuwar ƙwan uwa ko maniyyin uba, ba sakacin uwa ba ne, ba kuma aikin iskoki ba. Kashi 3 zuwa 4 ne ke da nau'in da kuromozom na 21 ya manne da wani, kuma a cikinsu ne kaɗai akan samu wanda ya ɗauko daga mahaifi ko mahaifiya masu lafiya lau. Gwajin jini na duba kuromozom shi ke rarrabewa, kuma iyalin da suka san irin tasu za su amsa wa masu neman aure da hujja.

Ita ma budurwa mai lalurar tana iya ɗaukar ciki, kuma yiwuwar ɗanta ya zo da lalurar tana da yawa. Ya kamata a gaya mata wannan ita kanta, cikin Hausa mai sauƙi, maimakon a tattauna a bayan idonta. Haka nan kusan rabin masu tirizomi 21 da matsalar zuciya ake haihuwarsu, kuma wajibi ne likitan manya ya san da hakan.

Roƙona ga hukumomin lafiya na jiharmu shi ne a wajabta zama guda kafin sallama, wanda zai haɗa likitan yara da likitan manya da matashin da iyayensa, har da ɗan'uwan da zai riƙe shi idan ƙarfinsu ya ƙare, a kuma ba su bayanin a rubuce. Ina fatan Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram za ta horar da ɗaliban likitancinta yadda ake gudanar da irin wannan zama.

Naka mai karatu,
daga unguwar Birni, Damagaram