Shekara Shida Kuma?

Assalamu alaikum, ɗana.

Muna nan lafiya, sai ciwon gwiwar mahaifiyarka da sanyin bana ya tayar. A bakin yayarka na tsinci labarin cewa ka karɓi aikin koyarwa a can Amurka, irin wanda sai an shafe shekara shida ana gwada mutum, ya fitar da littafi da maƙaloli, kafin a tabbatar masa da kujera ko a sallame shi. Da za ka tafi cewa ka yi digirin digirgir kawai, shekara biyar. Ina nan ina ƙirga, yau bakwai ke nan.

Yayarka ta ce kullum hujjarka Ralph Bunche. To, na zauna na karanta tarihinsa, kada ka ce tsoho yana magana cikin duhu. Baƙar fata ne ɗan Amurka, uwarsa ta rasu yana yaro, kakarsa ta rene shi a Los Angeles. Ya zo har Togo da Dahomey, wato Benin ta yau, ya binciki yadda Faransawa ke mulkinsu, ya sami digirinsa a Harvard a 1934. Sulhun da ya shiga tsakanin Larabawa da Isra'ila a tsibirin Rhodes a 1949 ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1950. Ban raina ko ɗaya ba. Amma ga inda ka tsallake: tun 1928 yake koyarwa a Jami'ar Howard ta Washington, inda 'ya'yan baƙaƙen fata ke karatu, shi ne ma ya jagoranci sashen kimiyyar siyasa. Shi ya zo nan ya ɗebi ruwa ya kai wa nasa. Kai kuwa ka je ɗiba, ka shimfiɗa tabarma a bakin rijiyar.

Ba maganar gonar bakin rafi nake yi ba. Ko yau aka maimaita zan sake sayarwa, kawunka ya faɗi abin da zai faɗa. Abin da ke hana ni barci daban ne. Ka san ranar da Baffa ya rasu ina wajen kwas, na iso an dawo daga maƙabarta, har an shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Har yau abin yana cina. Mu ba ma ajiye gawa. In ta Allah ta kasance da asuba, kafin azahar an kai ni, kai ko tikiti ba ka gama saye ba. Wa zai shiga kabari ya karɓe ni? Kai kaɗai ne namiji. Kana koya wa 'ya'yan mutane yadda ƙasashe ke zama teburin sulhu, amma ka kasa ɗaga waya ka faɗa wa ubanka gaskiya, sai dai in ji a bakin wani? Haba!

Na san tsoron ɓacin raina ne ya sa ka yi shiru, tun kana ƙarami haka kake. Ban ce ka ajiye aikin ba. Ka zo dogon hutun nan mu zauna ni da kai. Mahaifiyarka ta ce in tambaye ka ko kuka da daddawar da ta aika sun ƙare.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.