Likita, Mu Rage Mata Furotin Ne Ko Mu Cike Mata Abin Da Ta Rasa?

Assalamu alaikum Likita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da ƙanwata da nake jinya, kuma da izininta na rubuto.

Likitocin da suka duba ta sun ce tana fama da ciwon gajiya mai ɗorewa, wanda ake taƙaita sunansa da ME/CFS. Bayan wani zazzaɓi abin ya faro. Zazzaɓin ya wuce, ƙarfinta bai dawo ba. Ta kwana tana barci amma ta tashi kamar ba ta runtsa ba. In ta ɗan matsa wa kanta, ko da wanka ne ko doguwar hira, a ranar ba lallai a ga komai ba, sai washegari ko jibi jikin ya rikice, ta yi kwanaki ba ta iya ɗaga kai. In ta daɗe a tsaye jiri ya ɗebe ta, magana kuma takan kufce mata a tsakiyar zance. Waɗannan su ne alamomin da kwamitin masana lafiya na Amurka ya tsara a 2015, kuma tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Duk da haka akwai ’yan’uwa masu ce mata, “Ki dai daure ki tashi,” maganar da ke sa ta kuka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sakamakon gwajin jininta. Ya nuna bitamin D ɗinta ya yi ƙasa, B12 ma haka, ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinta ta ragu. A ɗaya ɓangaren kuma wasu amino asid, wato sinadaran da jiki ke samu daga furotin, sun haura iyaka, musamman wanda ake kira homosistin. Wani mai sayar da ƙwayoyin ƙarin sinadarai ya ga takardar, nan take ya yanke hukunci: wai guba ce ta taru mata, a janye mata duk abinci mai furotin, a sa ta kan ƙwayoyi kala-kala na watanni, za ta warke sarai. Mahaifiyarmu ta gamsu, don uwa ce, duk inda aka ce akwai sauƙi can za ta nufa. Ni ce na tsaya kai da fata na ce a dakata.

Ga dalilina, ka gyara mini in da gyara. Amino asid su ne tubalan da ake gina furotin da su. Ashirin ne, tara daga ciki jiki ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai daga abinci. Yarinyar da ke kwance yawancin yini, naman jikinta na zubewa a idona, ta yaya zan hana ta abin da ke gina tsoka? Shi kuwa homosistin, jiki ne ke samar da shi, kuma jikin yana buƙatar bitamin uku, B12 da folik asid da B6, kafin ya sarrafa shi. In waɗannan suka yi ƙaranci sai ya taru a jini. Ke nan a ganina hauhawarsa da ƙarancin B12 ɗin nata labari ɗaya ne. Raunin ƙoda ma kan ɗaga shi. Sannan adadin amino asid a jini yana sauyawa bayan cin abinci, ita kuma ta riga ta karya kafin a ɗebi jinin, ba wanda ya ce mata ta je da cikinta wayam.

Akwai kuma binciken da aka yi a Bagen ta ƙasar Nowe, aka buga a 2016, a kan masu wannan ciwo 200. An samu wasu amino asid sun ragu ne a jininsu, musamman mata, kamar dai jikin yana ƙona su don samun kuzari saboda hanyar da yake bi ya amfana da sukari ta samu cikas. Wannan ya ƙara mini tsoron shawarar janye furotin.

Ƙwayoyin ma ba abin wasa ba ne. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa’idojin magani, a ƙa’idojinta na 2021, ta ce babu isasshiyar hujjar bai wa masu wannan ciwo bitamin a matsayin maganinsa. Bitamin D in ya yi yawa yana ɗaga kalsiyam ya taɓa ƙoda, B6 mai yawa yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, sinadarin ƙarfe kuma yana taruwa a hanta. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne folik asid: yana iya gyara ƙarancin jini ya rufe ƙarancin B12, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa, kuma yana cikin haɗin da mai sayar da ƙwayoyin ya kawo.

To Likita, shin mu nemi a maimaita gwajin amino asid ɗin ba ta ci komai ba, a haɗa da na ƙoda da hanta da maƙoƙo? B12 ɗin, allura ya kamata a yi mata ko ƙwaya ta isa? Ina kuma so a gano musabbabin ƙarancin, ko hanjinta ne ba ya tsotsa, ko jinin al’ada ne ke yi mata yawa, ko rashin fita rana da rashin cin abinci sosai ne, tunda wani lokacin tauna kanta tana gajiyar da ita. Wane irin likita ya kamata mu nema a kan wannan?

Tambayar da ta fi yi mini nauyi ita ce abin da zan faɗa mata. Idan aka cike duk waɗannan sinadarai, wane irin sauƙi ya dace mu sa rai? Ba na so in yi mata alkawarin warkewa, ta ɗan ji ƙarfi ta zabura ta yi aikin da ya fi ƙarfinta, ciwon ya sake kayar da ita. Kuma don Allah ka yi bayanin yadda mahaifiyarmu za ta fahimta, domin tana girmama maganarka, kuma zan karanta mata amsar da bakina.

Allah ya saka da alheri.

Taka mai bibiyar wannan fili,
Yayar mai jinya