Wasiƙar Godiya ga Masu Kula da Gandun Dajin Zakuma

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Gandun Dajin Zakuma da ke yankin Salamat, Jamhuriyar Chadi, da ƙungiyar African Parks mai riƙe da amanar wurin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ranar da za mu baro ku na tsaya a bakin mota da niyyar yin jawabi, amma magana ta ƙi fitowa. Ga kuma harshe ya shiga tsakani: ku Larabci da Faransanci, ni Hausa, sai 'yata ce ke yi mana tafinta, ita ma a lokacin tana ta fama da kaya. Na ɗaga hannu kawai muka tafi. Abin ya tsaya mini a rai har muka iso gida. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan a fili, inda kowa zai gani, don yabon gwani ya zama dole.

In faɗi gaskiya, ba da son raina na zo ba. 'Yata ce ta shirya tafiyar bayan na ajiye aiki, ta ce za ta kai ni hutu tare da ɗanta mai shekara 9. Na ce mata wane irin hutu ne mutum zai bar gadonsa ya tafi ƙungurmin daji kallon dabba, alhali ga talabijin. Ta ce, "Baba, gani ya kori ji." Ban ƙara cewa komai ba, amma na riƙe abin a ciki. Daga Njamena zuwa wurinku tafiya ce ta kusan kilomita 800. Mun fito da asuba, muka bi ta Mongo, muka ratsa duwatsun Gera, ba mu iso ba sai da duhu ya yi. Duk tsawon hanyar nan ina lissafin irin gorin da zan yi mata idan mun koma.

Godiyata ta farko ga ma'aikatan masaukin Tinga take. Ina da ciwon gwiwa, kuma ni mutum ne da ba ya son a ga gazawarsa. Safiyar farko na sha wuya kafin in hau motar zagaya daji, don tana da tsayi, na dai cije na hau. Da yamma da muka fito sai na tarar da ɗan benci a gindin ƙofar motar. Ba wanda ya ce mini uffan, ba wanda ya nuna shi ya ajiye. Haka na riƙa tarar da shi safe da yamma har kwana 5. Ban san ko wane ne ba cikinku, amma ya san darajar dattijo, Allah ya yi masa albarka. Haka kuma yaron da ya nuna mini alƙibla tun daren farko kafin in tambaya, da mai gadin da ke raka ni ɗaki da fitila yana haska gefen hanya. Daren na biyu ne na gane dalilin rakiyar, da na ji rurin manyan dawa kamar a bayan taga. Jikana ya lallaɓo ya shige bargona, da safe kuma ya rantse wa uwarsa cewa ni ne na ji tsoro.

Mun zo a watan Maris, tsakiyar zafi, rana tana wuce awo 40. Na yi ƙorafi a kan haka, sai jagoranmu ya yi mini bayanin da ya rufe mini baki. Da damina ruwa yakan malale dajin, baƙar ƙasar nan ta zama taɓo, mota ba ta shiga, baƙi ma ba a karɓa. Idan rani ya kama sai ruwan ya riƙa janyewa, ya rage a 'yan tafkuna da kwarin kogin Salamat. Duk mai rai a fili mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 3,000 dole ya zo inda ruwan ya saura. Wato zafin da nake kuka da shi, shi ne ke tara mana abin kallo.

Da ya kai mu fadamar Rigek na yarda. Ban taɓa ganin halitta ta taru haka ba. Gauraki birjik, ga dinya, ga kirinjijiya, ga kwasakwasa sun jeru suna kamun kifi, borin tunke kuma yana tsaye gefe kamar wanda aka yi wa laifi. A bayansu ga dari da kanki da gwanki suna kiwo, mugun dawa yana wucewa da wutsiya a sama. Can sai ƙura ta tashi, garken ɓauna ya doso ruwa, saniyar sake, ɗaruruwa, har ƙasa tana amsawa. Da magariba ta gabato kuma jan baki suka zo shan ruwa. Manomi ba ya ƙaunar tsuntsun nan, kuma yana da hujja, amma wanda ya ga miliyoyinsu suna murɗawa a sama kamar hayaƙi, ƙarar fukafukansu kamar saukar ruwan sama, zai yi tasbihi ko bai shirya ba. An ce mini nau'in tsuntsayen da aka ƙirga a dajin sun kusa 400. Ni dai na daina ƙirga tun ban kai 20 ba.

Jagoran nan namu, matashi ne siriri mai ƙarancin magana, ya cancanci a ware masa nasa yabon. Yakan tsayar da mota ya leƙa ƙasa, ya ce zaki ya wuce nan da asuba, su biyu ne, ɗaya yana ɗingishi. Na ɗauka burga ce irin ta masu sana'a, sai da muka cim musu a inuwa, ɗayan ya tashi yana jan ƙafa. Amma abin da ya fi burge ni da shi, ranar da muka ga zakanya da 'ya'yanta ƙanana ne. Ya kashe mota daga nesa. Jikana ya yi ta magiya a matsa kusa don ya ɗauki hoto, ni ma, in ban ɓoye ba, na sa baki. Ya yi murmushi ya ce wa yaron ta bakin uwarsa, "Ƙanena, nan gidanta ne, mu baƙi ne. Idan muka tashe ta za ta kwashe su cikin ranar nan, wani ba zai kai ba." Ya miƙa masa madubin hangen nesa. Wani zai matsa don ya faranta wa baƙo rai ya samu ɗan ihsani, shi kuwa bai matsa ko taku ɗaya ba.

Giwa ce ta ba mu wahala. Kwana biyu muna nema, sai sawu da kashi da rassan da aka karya. Na fara tsokanarsa cewa ko dai giwayen nasu na cikin takarda ne. A nan ne ya ba mu labarin da ya sauya mini tafiyar gaba ɗaya, daga baya kuma na bi na karanta na tabbatar.

An kafa gandun a 1963. A farkon shekarun 2000 giwayen Zakuma sun kai 4,000. Sai ɓarayin haure suka riƙa zuwa a kan dawakai daga wajen Sudan, da manyan bindigogi, suna buɗe wa garke wuta ba zaɓe. Zuwa 2010, lokacin da gwamnatin Chadi ta damƙa wa African Parks kula da wurin, abin da ya rage bai fi 450 ba. Waɗanda suka tsira suka dunƙule wuri guda suna yawo a firgice, har haihuwa ta tsaya musu. Wannan ya fi komai taɓa ni. Ashe tsoro yana hana dabba ma haihuwa. A ƙirgar 2011 ɗan giwa ɗaya tak aka gani.

Sai kuka sauya salon tsaro. Aka sa wa wasu giwaye abin wuya mai na'ura da ke nuna inda garke yake ta tauraron ɗan'adam, aka buɗe ɗakin sa ido da ba ya rufewa dare da rana, aka samar da ƙananan jiragen sama da filayen saukarsu, masu gadi suka riƙa sintiri a kan dawakai da ƙafa. Mafi muhimmanci, kuka daina barin dajin da damina, don a da idan ruwa ya sauka aiki yakan tsaya, ɓarayi su sami sarari. Zuwa 2018 'ya'yan giwa da aka ƙirga sun haura 100, zuwa 2021 kuma garken ya wuce 600.

Ranar ta uku da yamma muka same su cikin sarƙaƙiyar ƙaya. Kafin mu gan su mun ji su, wani irin gurnani daga ciki, da ƙarar karyewar itace. Sai ga su suna ratsa hanya, iyaye a gefe, ƙanana a tsakiya, wani ɗan mitsitsi yana tuntuɓe da hannunsa. Jikana ya fara ƙirga 'ya'yan da yatsa yana raɗa. Na juya zan yi wa jagoran magana, sai na ga shi ma leɓɓansa na motsi, ƙirgar yake yi. Mutumin da ke ganinsu kusan kullum.

Akwai kuma waɗanda wannan takarda ba za ta same su ba. A watan Satumba na 2012, a Heban da ke arewa da gandun, ɓarayin haure suka auka wa masu gadi a sansaninsu da asuba, suna cikin salla, aka rasa mutum 6. Da na ji haka na kasa cin abincin dare. Washegari da na shimfiɗa darduma da asuba a ƙofar ɗaki, lafiya lau, ba abin da ke damuna sai sauro, su na tuna. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta, ya raya abin da suka bari. Ina roƙon ku isar wa iyalansu cewa wani tsoho daga nesa ya zo ya ga abin da mazajensu da iyayensu suka tsare, kuma ya sa su a addu'a. Abokan aikinsu da suka binne su suka sake ɗaura sirdi suka koma daji, ban san kalmar da zan yaba musu da ita ba.

Saboda wannan labari ne abin da na gani a hedikwatarku ya girgiza ni. An kai mu da rana tsaka, aka ce mu zauna mu yi shiru. Sai ga toron giwa ya fito daga itatuwa, shi kaɗai, yana tafiyar ƙasaita, ya zo ya tsaya. Wani ma'aikaci ya kunna famfo ya ɗaga tiyo. Toron ya miƙo hannunsa, dogon hancin nan, aka cika masa, ya kai baki ya juye, ya sake miƙowa. Ina kallon ƙwayar idonsa da gashin idon. Girmansa ya nuna ya ga shekarun kisan nan, ya ji ƙarar bindiga, wataƙila a gabansa aka kashe 'yan'uwansa. Ga shi yau yana karɓar ruwa daga hannun ɗan'adam. Irin wannan yarda shekaru ake yi ana gina ta, kuma ku kuka gina. 'Yata ta dube ni ta ce, "Baba, ina gorin da ka ce za ka yi mini?" Ashe ta sani tun a hanya.

Wani abin da na lura da shi, kuma a ganina shi ne gishirin aikin, ba ku mai da mutanen yankin bare ba. Yawancin ma'aikatan da muka gani 'yan ƙasar ne. An gina makarantu a ƙauyukan kewaye. An raba wa ƙauyuka rediyon oba-oba, ta yadda idan aka ga baƙin mahaya da makamai labari zai iso da wuri, wanda hakan kariya ce ga giwa, kariya ce kuma ga mai gona da mai garke. Akwai sansanin Salamat da aka tanada domin 'yan Chadi su zo su ga dajinsu. Mun haɗu da motar 'yan makaranta a bakin wani tafki, sun ga raƙumin dawa suna ta ihu malaminsu na tsawatarwa. Irin raƙumin dawan nan na Kordofan, kusan rabin waɗanda suka rage a duniya a Zakuma suke. Da a ce Turawa da masu hali kaɗai ke shigowa, da na ce aikin bai cika ba, don dajin da maƙwabtansa ba su ɗauke shi nasu ba, bindiga kaɗai ba za ta tsare shi ba.

Karkanda ce ba mu yi katarin gani ba. Na ji yadda aka kawo 6 daga Afirka ta Kudu a 2018 bayan ta ɓace daga Chadi shekaru da dama, 4 suka mutu, ba ku karaya ba kuka sake kawo wasu a ƙarshen 2023. Allah ya sa su hayayyafa.

Jikana ya zana giwar nan da tiyo a hannunta, ya ce lallai a kai wa jagoransa. Uwarsa za ta aiko da shi tare da hotunan da muka yi alkawari, a taimaka a ba shi hannu da hannu. A gaishe mini da mai dafa abinci, da direban da ya canza taya cikin rana ba tare da ya ɓata fuska ba, da mai gadin dare. Idan Allah ya ara mana kwana za mu dawo a watan Fabrairu, kafin zafi ya tsananta, wannan karon da uwargida, don ta ce ba ta yarda da labarin tiyon nan ba sai ta gani. Ita ma gwiwar tana damunta, don haka a adana mana bencin.

Wassalam.

Naku,
Dattijon nan mai ɗingishi, baƙonku na watan Maris a Tinga.