Ku dawo da likitan nan ya amsa tambayar da ya tsallake

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan shirinku na lafiya na daren Talata, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Baiwar Allah nan da ta bugo waya ta yi tambaya a kan ƙwayoyin cutar da ma'aikatan asibiti ke ɗauke da su a baki da maƙogwaro, sai likitan ya ce wai ƙaramin abu ne, ya koma kan masu sayen ja-da-yalo a kemis. Mai gabatarwa kuma ya ƙyale shi. Shiri ya ƙare, laifi kacokan a kan talaka.

Na yarda muna da namu laifin, mukan sha kafso biyu mu jefar da sauran da zarar zazzaɓi ya sauka. Amma ƙanena a gadon asibiti ya gamu da tasa masifar.

Bara ya yi haɗarin babur, aka yi masa aiki a ƙwauri. Ni na yi jinyarsa, mako bakwai ina kwana kan tabarma a gindin gadonsa. Kullum da safe in an zo wankin ciwo, safar hannu na nan tsaf, takunkumi kuwa yana rataye a haɓa. Ma'aikacin zai sunkuya, tsakanin bakinsa da buɗaɗɗen ciwon bai fi taƙi ɗaya ba, yana ɗaga murya yana hira da abokin aikinsa da ke can ƙarshen ɗaki. Hasken taga na haska su, wallahi da idona na ga tsattsafin yawu yana sauka. Na ce, "Malam, don Allah a ɗan ja takunkumin sama." Ya ce in na fi shi sanin aikin, in zo in karɓa. Na yi shiru, don ƙanena na hannunsu.

Kwana tara da yin aikin, ɗinkin ya kumbura ya fara zubar da mugunya. Aka kai gwaji. Har gobe ina ajiye da takardar: an jera sunayen magunguna, kusan kowanne da harafin R a gefensa, wato ƙwayar ba ta jin sa. Suka ce sunanta MRSA. Maganin da ya rage sai ta jijiya, kuma sai da muka sayar da babur ɗin da ɗan filin gadonmu kafin muka iya sayensa. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, amma da sanda yake tafiya, yana ɗan shekara ashirin da shida.

Tun daga nan nake bin duk abin da aka rubuta kan wannan ƙwaya. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da irinta a hanci, wasu har a maƙogwaro, lafiyarsu ƙalau, ba su ma sani ba. Wadda ke bijire wa magani kuwa tun 1961 aka gano ta a Ingila. Tun 1897 wani Bajamushe, Carl Flügge, ya nuna cewa magana kaɗai tana fesa ƙwayoyin cuta. Mujallar likitanci ta Lancet ta ce a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu saboda cututtukan da ba sa jin magani, kuma abin ya fi muni a Yammacin Afirka. Wannan ne ƙaramin abu?

Wata nas mai kirki ta gaya mini takunkumi ɗaya ake ba su daga safe har tashi, wani lokaci da kuɗinsu suke saya. To ku dawo da likitan ku tambaye shi: wa ya kamata ya ba su? Yaushe rabon da a gwada hanci da maƙogwaron masu wanke mana ciwo?

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Sau goma sha ɗaya na kira a daren nan bai shiga ba, kuma tun da kuka matsar da shirin yake cin karo da sallar Isha'i.

Naku mai sauraro,
Wani magidanci daga Zariya