Zuwa ga kamfanin da ya sayar min da monita a Jidda: ku canja min ko ku dawo min da kuɗina

Assalamu alaikum Malam Manaja, ranka ya daɗe.

Na rubuto wannan wasiƙa a fili ne saboda lambar wayar da kuka buga a jikin fatura, wato rasit, ba ta da amfani, in an ɗauka a ce bukra inshallah, wato sai gobe, in ba a ɗauka ba kuma shikenan. Ni mazaunin Jidda ne, aikina buga takardu da cike fom wa 'yan uwanmu Hausawa da ba su iya kwamfuta ba, yarana kuma da ita suke shiga Madrasati, dandalin karatu na intanet, su yi aikin makaranta, wato dai abincin gidana a kan wannan teburin yake.

Tsohuwar monitata irin mai ƙaton ƙeya ɗin nan ce, CRT inci 17, ta cinye rabin tebur, ga zafin da take fitarwa a ɗaki ɗan ƙarami cikin wannan zafi na Jidda, ga cin wuta, domin irinsu suna jan wuta ninki biyu ko uku na abin da fala, wato siririyar monitar LED, mai girman nan ke ja. Amma tana aiki lafiya lau. Idona ne ya fara gajiya shi ya sa na ce bari in sayi fala. Na zo reshenku na titin Khalid bin Walid, kafin a yi maganar kuɗi ma na nuna wa yaron shagonku hoton bayan kwamfutata a waya, na ce masa duba, VGA kawai gare ta, wannan shuɗin ramin mai ƙofofi 15, ba ta da HDMI. Ya kalla da idonsa ya ce mafi mushkila, wato babu matsala, za ta hau. Na biya har da harajin kashi 15 cikin ɗari, ya kuma ce in bar musu tsohuwar za su rage min wani abu, na kawo ta suka rage.

Da na buɗe kwali a gida, bayan monitar babu VGA ko ɗaya, HDMI ne kaɗai. Na koma, sai aka sayar min da wani ɗan adaftan HDMI zuwa VGA, kuma da kuɗi ba kyauta ba. Wallahi wannan ne ya fi ƙona min rai, don duk wanda ke sana'ar kwamfuta ya san adaftan HDMI zuwa VGA hanya ɗaya yake bi, ba ya juyawa. Ni abin da nake buƙata na VGA zuwa HDMI ne, wanda ke karɓar siginar analog ya mayar da ita dijital, galibi ma sai an soka masa USB ya samu wuta. Yaronku ko bai sani ba ko ya sani ya yi shiru, kowanne ne dai laifin kamfaninku ne, ku kuka tsayar da shi a bayan kanta.

A wani shago na samo daidai. Hoto ya fito, amma wane irin hoto? Monitar 1920x1080 ce, kuma fala ba kamar CRT ba ce, in ba a ba ta ainihin adadin ɗigon da aka ƙera ta da shi ba sai rubutu ya yi dishi-dishi, ta wannan adaftan kuwa 1024x768 take tsayawa, hoto mai kusan murabba'i an ja shi ya cika faɗi, hatimin da yake zagayayye ya koma kamar ƙwai. Rubutun Larabci fa ɗigo ne ke rarrabe shi, haruffan ba da ta da sa da nun duk ɗigo ne, ni kuma sunan mutum nake kwafa daga iƙama, wato katin zama, ko fasfo, ɗigo ɗaya ya kauce an ɓata wa bawan Allah takarda. Sai na riƙa kai fuskata har kusa da gilashi, wato ciwon idon da na gudu shi na sayo da kuɗina.

Ana cikin haka sai ga wani siririn layi kore ya bayyana daga sama har ƙasa a ɓangaren dama, ko ba a haɗa ta da kwamfuta ba yana nan, a kan tambarin da ke fitowa in an kunna ma ana ganinsa. Na kai ta wajen siyana ɗinku, wato sashen gyara, da fatura da kwali da komai, mutuminku ya ce wai matattun ɗigo kaɗan ba sa cikin garanti. Na sani masu ƙera monita suna da ƙa'idar adadin ɗigon da suke yafewa, amma Malam wannan layi ne sukutum ba ɗigo biyu ba. Daga nan ya juya ya ce adaftan da na sa ne ya lalata ta. To wa ya jefa ni neman adafta tun farko? Da na ce a dawo min da tsohuwata in ci gaba da aiki kafin a gama magana, aka ce ai an riga an kwashe ta daga mustauda, wato sito.

Yanzu kwastomomina suna zuwa ina ba su haƙuri, wata dattijuwa ta zo da takardun asibitin ɗanta na tura ta wani waje ina jin kunya, yara kuma a ƙaramar wayar uwarsu suke karatu suna rububi.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku ba ni monita mai ramin VGA, suna nan cike da kasuwa har a kantarku na gansu daga baya, ko ku dawo min da kuɗina cif har da na adaftan da bai yi aiki ba da ƙimar tsohuwar da kuka karɓa. Garantin kayan lantarki a ƙasar nan shekara 2 ne aƙalla, kun fi ni sani, ni kuwa tawa sabuwa ce fil. In ban ji daga gare ku ba cikin mako guda zan kira 1900 in shigar da ƙara a Ma'aikatar Kasuwanci ta manhajarsu ta Balagh Tijari, fatura da hoton layin da saƙonnin WhatsApp da muka yi da yaronku duk suna hannuna.

Wassalam,
Kwastomanku daga Jidda